Baƙon Fure a Tsakar Gida: Waya, Manomi, Mai Mashtal ko Masani, Wa Za a Tambaya?

Duk wanda yake da ɗan lambu a tsakar gida, ko a Mai Wurno yake, ko a Wad Madani, ko Gadarif ko Kasala a nan Sudan, ya san cewa da zarar ruwan damina ya zauna a watannin Yuli da Agusta, ƙasa tana fito da abin da ba a shuka ba. Yawancinsu ciyayi ne da aka saba da su, ana tuge su ba tare da wani tunani ba. Amma a kan sami ɗaya da zai miƙe, ya yi ganye mai kyau, ya buɗe fure, sai mai gida ya tsaya yana shawara ko a bar shi ko a cire, ko a bar awaki su kusance shi ko a kange, kuma me zai faru idan yaro ya tsinki 'ya'yansa ya kai baki. Wannan tambaya ta ƙara yawa a 'yan shekarun nan, domin gidaje da dama sun yi damina ɗaya ko biyu a rufe tun bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, waɗanda suka koma kuma suka tarar da tsakar gida cike da tsirrai, wasu har sun kai tsawon katanga.

Hanyoyin sanin sunan irin wannan tsiro huɗu ne a aikace. Mutum zai iya ɗaukar hotonsa ya tambayi manhajar waya, ko ya kai wa manya da manoman unguwa, ko ya nuna wa mai sayar da dashe a mashtal, wato lambun rainon dashe, ko ya nemi masanin tsirrai na jami'a ko na hukumar noma. A kan ji matasa suna kare waya, dattawa suna raina ta, amma a ganina gardamar ta kauce wa batun, domin kowace hanya tana da irin tsiron da ta sani da irin wanda take kuskurewa. Abu biyu ne suke yanke wadda za a bi: daga ina tsiron ya shigo gidan, kuma me ake nufin yi da shi bayan an san sunansa. Wanda yake son sanin sau nawa zai ba fure ruwa, ƙaramin kuskure ba zai cuce shi ba, amma wanda yake shirin zuba ganye a tukunya ko ya jiƙa wa mara lafiya, kuskurensa na iya kai wa ga rasa rai.

Tambayar farko ana iya amsa ta tun kafin a taɓa waya. Idan tsiron ya fito inda aka zuba takin awaki ko na shanu, to galibi abin da dabbar ta ci ne a daji ko a bakin gona, kuma ta nan ne miskit, wani itace mai ƙaya da aka shigo da shi daga waje, yake shigowa gidaje, saboda ƙwayarsa tana ratsa cikin akuya ta fito lafiya. Idan ya fito a lakar da aka ɗebo daga bakin Shuɗin Nilu ko daga gefen magudanar ban ruwa, ciyawar fadama ce ko ta gonakin Jazira. Idan wurin da ake sheƙe hatsi ne ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, sau da yawa abinci ne ya tsira, kamar kankana, kabewa, tumatir, riɗi ko kuɓewa. Idan kuwa ya fito a tukunyar da aka sayo daga mashtal, ko a gindin furen da tsohon ɗan haya ya bari, akwai yiwuwar furen ƙawa ne wanda asalinsa Amurka ta Kudu ce, ko Indiya, ko Madagaska. Na daji da na gona, manomi ne gwaninsu. Na ƙawa kuwa, waya da mai mashtal sun fi manomi saninsu nesa ba kusa ba.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina manhajojin. An horar da su ne da miliyoyin hotunan da aka riga aka sa wa suna, don haka idan aka ba su sabon hoto sai su jero waɗanda suka fi kama da shi. Tsiron da mutane suka yawaita ɗaukar hotonsa a Turai da Amurka da Indiya, manhaja tana gane shi nan take, kuma furannin da ake dasawa a gidajen Hartum da Madani kusan duka suna cikin wannan rukuni, irin su jahannamiya, winka, ful, difla da lantana. Ciyawar da take fitowa a baƙar ƙasar Gadarif kuwa, wadda hotunanta ba su da yawa a intanet, ana iya ba ta sunan wata 'yar uwarta ta wata nahiya. Abin da ya fi damuna da manhaja shi ne ba ta cika yin shiru ba. Ko hoton bai fita sosai ba, ko tsiron ba ya cikin abin da aka koya mata, za ta kawo suna, kuma suna idan ya fito a rubuce da harafin boko tare da hoto mai kyau, yana da kwarjinin da yake sa mutum ya daina bincike. Ba ta jin ƙanshi ko wari, ba ta ganin nonon da yake fitowa idan an karya reshe, ba ta taɓa ganye ta ji ko yana da kaushi ko gashi, alhali waɗannan su ne sau da yawa suke raba tsiro da mai kama da shi.

Su ma manhajojin ba ɗaya suke ba. Google Lens, wadda ta fito a 2017 kuma take cikin yawancin wayoyin Android, ta fi sauƙi da sauri, amma ba don tsirrai kaɗai aka yi ta ba. Hotunan da suka yi kama da naka take nema a ko'ina a intanet, har da shafukan masu sayar da furanni, inda sunan da aka rubuta zai iya zama na kasuwa kawai. Pl@ntNet, wadda wasu cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, ita na fi amincewa da ita a cikin masu ba da amsa nan take. Kyauta ce, tana karɓar hotuna da yawa na tsiro guda, tana tambaya ko hoton na ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, sannan ta nuna kashi nawa cikin ɗari ta yarda da kowane suna da ta kawo. Wannan lamba ita ce abin dubawa kafin sunan kansa, domin idan ta yi ƙasa, kuma sunaye uku ko huɗu suna kusa da juna, ma'anarta manhajar ba ta tsayar da magana ba. Tana kuma barin mutum ya zaɓi jerin tsirran yankinsa, sai dai yana da kyau a gwada har da jerin duniya baki ɗaya, tunda furen da aka shigo da shi daga waje ba lallai ne ya kasance a jerin yanki ba.

iNaturalist, wadda aka fara a 2008, tsarinta dabam ne. Kwamfuta ce take fara ba da shawara, amma daga baya mutane ne, ciki har da masana na gaske, suke duba hoton su tabbatar ko su gyara, kuma ba a ɗaukar suna a matsayin tabbatacce sai fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba sun yi ittifaƙi a kansa. Wannan ya sa amsarta ta fi nauyi, amma tana buƙatar haƙuri, domin hoton da aka ɗora daga yankin da masu dubawa ba su da yawa zai iya daɗewa ba a waiwaye shi ba, kuma tsiron da aka nuna cewa dasa shi aka yi ba ya samun kulawa kamar na daji. Manhajojin biyan kuɗi irin su PictureThis suna ƙara shawarwarin ban ruwa da kula da shuka, amma ga mai zaune a Sudan, biyan kuɗin waje kowace shekara saboda tsiro ɗaya ko biyu bai dace ba.

Akwai abubuwa biyu na wurinmu da ya kamata a sa a lissafi. Na farko shi ne intanet, wadda take yankewa a garuruwa da yawa, har wasu sai sun biya kuɗin sa'a a wurin masu Starlink. Dabarar ita ce a ɗauki hotunan duka da rana a ajiye, a ɗora su idan an sami hanya. Manhajar Seek, wadda masu iNaturalist suka yi, tana iya aiki ba tare da intanet ba, ko da yake sau da yawa a dangin tsiro take tsayawa. Na biyu shi ne hoton da ake ɗorawa a irin waɗannan manhajoji yana tafiya da wurin da aka ɗauke shi, wato taswirar gidanka. A halin da ƙasa take ciki, ina ba da shawara a zaɓi ɓoye wurin, iNaturalist tana da wannan zaɓi, kuma a kiyaye kada fuskar iyali ko ƙofar gida su fito a hoton.

Misalin da ya fi nuna iyakar hoton fure shi ne tafasa da rai-ɗore. Dangi ɗaya ne, furensu rawaya ne mai kama da juna ƙwarai, kuma dukansu suna son juji da wurin taki. Tafasa abinci ce, mu muna kwaɗa ta, mutanen Darfur da Kurdufan kuma da ganyenta suke yin kawal, wani kayan miya mai kama da daddawa. Rai-ɗore, wanda Larabawan nan suke kira sorib, ko da yake ana amfani da ganyensa a maganin gargajiya, ɗanyun 'ya'yansa suna lahanta hanta da tsoka ga dabbobi, kuma likitoci a arewacin Indiya sun danganta cin su da wata mummunar cutar hanta da ƙwaƙwalwa ga ƙananan yara. Wanda ya ɗauki furen kaɗai, manhaja za ta iya ba shi kowanne daga cikin biyun. Bambancin yana ga ganye da kwanso. Ƙananan ganyen tafasa shida ne, biyu-biyu sau uku, bakinsu a zagaye kuma sun fi faɗi daga sama, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, kwansonsa kuma ya fi faɗi, a ɗan baje. Matar da ta saba tsinko tafasa ba ta buƙatar ganin fure ma kafin ta raba su. Haka abin yake ga kuɓewa, rama, yakuwa da auduga, waɗanda furensu ya yi kama sosai, sai 'ya'ya sun fito ake samun tabbas idan ba a saba da ganyen ba.

Wannan ya kawo mu ga manya da manoma, kuma a nan nake son in daɗe, domin ita ce hanyar da ake rainawa alhali ta fi sauran amfani ga mafi yawan abin da yake fitowa da kansa. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana noma hawasha, wato gonar ban ruwa da ake ba manomi, a Jazira, ko yana aikin dawa da riɗi a gonakin Gadarif, ya san tsiro tun yana ganye biyu, ya san shi da fure, ya san shi a bushe, ya san wace dabba take cinsa da wadda take gudunsa. Sanin da waya take bayarwa suna ne, shi kuwa nasa hukunci ne, wato a bari ko a tuge yau. A ɗauki ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta, Larabawan Sudan kuma buda. Furensa ja ne mai ratsin shunayya, kyakkyawa ne har wanda bai san shi ba zai so ya bar shi a gefen 'yar dawar da ya shuka a bayan ɗaki. Manomi kuwa da ganinsa zai ce a cire a ƙona, saboda ya san yana manne wa saiwar dawa da gero da masara yana tsotse su tun yana ƙarƙashin ƙasa, kuma gindi ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, waɗanda za su iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran hatsi.

Haka makiyayi yake da awir, wannan shuka mai kara da rami a ciki da fure mai launin hoda, da ake shinge da ita a bakin magudanai. Manhaja za ta gaya maka daidai cewa dangin dankalin Hausa ce, furensu ma ya yi kama, amma mai kiwo ne zai gaya maka cewa akuyar da ta saba cinta takan fara tangaɗi, kanta ya riƙa rawa, ƙafafun baya su saki. Haka nan miskit, wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 don tsare yashi da samar da inuwa, ya bazu ya cinye filayen noma a Gash da Tokar da Sabuwar Halfa, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Yana ƙarami ya yi kama da bagaruwa, kuma mutum zai iya barinsa yana murnar samun itace mai amfani. Furen bagaruwa dunƙulalle ne rawaya, na miskit kuwa dogo ne mai fatsi-fatsi, amma duk wanda ya jira fure ya makara, domin a lokacin saiwar ta riga ta nutse, ko an sare shi zai sake tofowa. Mutumin Kasala zai gane shi tun bai kai taƙi ɗaya ba.

Mu Hausawan Sudan muna da wata riba a nan da ba kowa yake da ita ba, wato manyanmu da yawa sun san tsiro da suna biyu. Sun san aduwa ita ce hijlij, magarya sidir, lalo hudra, gasaya tamaleka, zogale rawag, tumfafiya ushar. Idan aka sami sunan Hausa da na Larabci daga bakin mutane biyu dabam, kuma suka dace da juna, an sami shaida biyu, sannan kowane suna yana buɗe ƙofar bincike a rubuce-rubucen Najeriya da Nijar ko na Sudan. Yadda ake tambayar ma yana da tasiri. A kai reshe da ganyensa da furensa, kada a nuna hoton waya, domin dattijo yana son ya murza ganye ya sansana. Kuma kada a sa masa suna a baki. Maimakon a ce, "Baba, wannan ba tafasa ba ce?", gara a ce, "Baba, me kuke kiran wannan, kuma a ina kuka saba ganinta?" Ga abin da ya shafi miya da kwaɗo, gwaggo ko inna za a nema, su ne suka fi maza sanin ganye.

Raunin wannan hanya a fili yake, kuma bai kamata kunya ta hana faɗinsa ba. Sunan gargajiya ɗaya yakan rufe tsirrai da yawa, kamar yadda lalo da duman rafi da zaƙami kowanne ya ƙunshi nau'i fiye da ɗaya. Furen da aka shigo da shi daga waje, dattijon ƙauye zai iya ba shi sunan abin da ya yi kama da shi a daji. Sannan akwai al'adar nan ta cewa kusan kowane tsiro maganin wani abu ne, ba tare da an faɗi yawan da yake zama guba ba. Idan babba ya ce a tuge, ina bin maganarsa ba tare da jinkiri ba. Idan ya ce a sha, sai in nemi tabbaci daga wani wuri, kuma ba raini ba ne.

Mai mashtal iliminsa ƙunci gare shi amma yana da zurfi. Abin da yake sayarwa ya san shi sarai, ya san wanda yake jure zafin watan Mayu da wanda yake son inuwa, wanda ake dasawa da reshe da wanda sai iri, kuma wannan sani ne na ƙasarmu da ruwanmu, ba na littafin wata ƙasa mai sanyi ba. Don haka ga furen ƙawa, haɗa amsar manhaja da tasa ya wadatar. Sai dai ɗan kasuwa ne, ba kowane ne zai fara da gaya maka cewa furen da yake yabo guba ne ba, dole kai ka tambaya. Attar, mai sayar da itatuwan magani a kasuwa, ya fi sanin kaya a bushe, irin su sanamaka, harjal, garad da karkade, kuma ɗanyen reshe mai fure ba lallai ne ya gane shi ba.

Masanin tsirrai shi ne kaɗai zai iya ba da suna da hujja, domin yana ƙirga sassan fure, yana duba yadda ganye ya jeru a kara, yana kwatanta samfurin da waɗanda aka adana a ma'adanar busassun tsirrai. A Sudan irin wannan sani yana Jami'ar Hartum da tsangayarta ta noma a Shambat, da Jami'ar Jazira, da Hukumar Binciken Noma mai hedikwata a Wad Madani, da jami'an gona na jihohi. Yaƙi ya tarwatsa ma'aikata da yawa ya kuma lalata cibiyoyi, saboda haka a yanzu hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sami malamin noma ko likitan dabbobi na kusa, ko a aika hotuna ta WhatsApp ga wani da ya karanci fannin. Ga mai iya karanta Ingilishi, akwai kundin F. W. Andrews mai juzu'i uku kan tsirrai masu fure na Sudan, wanda ya fito tsakanin 1950 da 1956, da jerin da lambun Kew na Ingila ya wallafa a 2015 mai ɗauke da nau'i kusan 4,000 na Sudan da Sudan ta Kudu, da kuma ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya fitar a 1916. A lura cewa sunayen kimiyya suna canzawa. Tafasa da rai-ɗore suna ƙarƙashin Cassia a tsofaffin littattafai, yanzu kuwa Senna, bagaruwa kuma ta tashi daga Acacia ta koma Vachellia, saboda haka idan manhaja da littafi suka saɓa, a fara duba ko tsohon suna ne da sabo.

Masani ba ya iya aiki da hoto ɗaya da aka ɗauka daga nesa. Abin da yake buƙata shi ne hoton tsiron gaba ɗaya da wani abu a gefensa da zai nuna girma, da hoton ganye ta sama da ta ƙasa, da inda ganyen ya haɗu da kara, da fure ta gaba da ta gefe, da 'ya'ya idan akwai. A rubuta masa ranar, da wurin, da irin ƙasar, da ko yana fitar da nono da launinsa, da ko yana da wari. Idan samfuri za a kai, a yanko reshe mai fure, a shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida da kwali, a danne da abu mai nauyi, a riƙa canza takardar kullum har ya bushe, kuma a rubuta launin furen tun yana ɗanye, domin yana dushewa. Waɗannan hotuna su ne kuma suke gyara amsar manhaja, don haka wahalar ɗaukarsu ba ta tafiya a banza ko wace hanya aka bi.

Idan aka sa hanyoyin a ma'auni, ga yadda nake zaɓa. Furen ƙawa da ba za a ci ba, kuma babu yara ƙanana ko dabbobi a gidan, Pl@ntNet da mai mashtal sun isa. Abin da ya fito daga taki ko laka ko gefen hatsi, a fara da manomi tun kafin ya zubar da iri, waya ta biyo baya don samun sunan kimiyya. Abin da za a ci, sai wadda ta saba dafa shi ta riƙe shi a hannu ta tabbatar, kuma ganye da kwanso su dace da bayanin da aka karanta. Abin da za a sha a matsayin magani, ko a ba mai ciki ko yaro, ko a zuba wa garke, ba na yarda da waya ko kaɗan, kuma maganar mutum ɗaya ba ta ishe ni ba, sai masani ko likita ya sa baki.

Akwai kuma 'yan tsirrai da bai kamata mai gida ya dogara da kowa wajen gane su ba, ya kamata ya san su da kansa. Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, Larabawa kuma sakaran, farin furensa dogo ne kamar kakaki, 'ya'yansa dunƙulallu ne masu ƙaya. Yaron da ya ci ƙwayarsa bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa sambatu. Difla mai siraran ganye masu kauri da fure ja ko fari, da 'yar uwarta mai furen rawaya, da kariya mai kumburarren gindi, dukansu gubarsu zuciya take kamawa, tana farawa da amai sannan bugun zuciya ya rikice. Zurma kuwa ƙwayarta mai zane-zane tana jan hankalin yara, kuma alamun gubarta kan jinkirta sa'o'i kafin amai da gudawa su fara. Nonon tumfafiya idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa nan take, sannan a ga likita. Idan ana zargin yaro ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, ko wani tsiro da ba a sani ba, ba lokacin buɗe manhaja ko neman dattijo ba ne. A tsinki reshe da 'ya'yan a saka a leda, a tafi da yaron asibiti, kada a tilasta masa amai, kuma kada a jira alamu su bayyana.

Idan babu gaggawa kuma amsoshin sun saɓa, a ba tsiron mako biyu ko uku ya yi 'ya'ya, domin kwanso da ƙwaya suna warware abin da fure ya kasa. A wannan tsakani a kewaye shi da ƙaya ko waya don awaki da yara, a sa safar hannu ko leda idan za a karya reshensa, kuma a ɗaure ƙyalle ko 'yar jakar yadi a kan 'ya'yan da suka fara nuna, don kada su fashe su watsa iri a tsakar gida kafin a yanke shawarar barinsa ko tuge shi.